Testa da Maganin 'Yan Famfo

Faɗan da muka yi da ƙanin mijina, wanda har yau mutanen layinmu ke tuna min, a kan bututun ruwa aka yi shi. A lokacin wanki da guga nake yi a ɗakin baya. Bututun da ya bi ta saman bango ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, daidai kan soket ɗin da nake jona dutsen guga. Rannan na kai hannu zan jona, sai abu ya fizge ni har kafaɗa. Na aika a kira shi.

Ya zo da jakarsa, testa maƙale a aljihun gaba kamar kullum. Saboda 'yar sukudireban nan mai kawo jar wuta a gindi ake ce masa Testa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Ya kashe wutar gidan, ya cire soket ɗin, ya mayar da shi can gefe inda ruwa ba ya kaiwa, ya naɗe, ya ɗaure, ya kunna, ya gwada. Sai na ga yana tattara kaya.

Na ce, "To bututun fa?"

"Wane bututu?"

"Wanda ke ɗiga a kan hularka."

Ya ɗaga kai ya dube shi kamar yau ya fara ganin ruwa. "Wannan ai na mai famfo ne, Matar Yaya."

"Ga filaya a hannunka. Murɗa ɗaya za ka yi masa."

"Ni wuta na koya."

"Ruwan ne ya kawo wutar jikina!"

"Ai na raba su. Yanzu kowa yana gidansa."

Na wanke shi tas ba sabulu. Na ce masa ko jaki in ya ga kaya na zamewa yana gyara tsayuwa. Na ce da a ce ni ce na haife shi da na mayar. Maƙwabta suka leƙo ta taga, masu shanya suka bar shanya. Shi kuwa yana tsaye yana murmushi, yana goge filayarsa da tsumma. Mijina, wato yayansa, yana zaune a bakin ƙofa yana shan shayi, bai ko ajiye kofin ba ya ce, "Ki bar shi kawai. Tun yana yaro, in aka aike shi sayen gishiri, ko kasuwar na ci da wuta gishirin zai kawo."

Na daɗe ban yi masa magana ba. Shi kuma bai ma san muna faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Kada wani ya ɗauka ƙyuya ce ke damunsa. Mutumin da zai hau tsani tun safe har rana ta faɗi don ya nemo waya ɗaya da ɓera ya gutsura a cikin silin, ba malalaci ba ne. Maigidansa da ya koya masa aiki ne ya dasa masa abin a kai. Wai mai taɓa komai shi ke kashe mutane: yau ya taɓa wuta, gobe ruwa, jibi gas, ranar da gida ya kama ba a san wa za a tambaya ba. Testa ya riƙe wannan magana kamar shi ya ƙirƙiro ta. In ya huda bango ya wuce da waya, magini zai kira ya toshe ramin. In ƙofar akwatin mita ta karye, sai kafinta. Amma abin da ya shafi wuta, to ka kwanta ka yi barci. Wayoyinsa a jere suke kamar kitson da aka yi da natsuwa, ja a gefe, baƙi a gefe, kuma ba ya barin gida sai ya bi kowane soket da testarsa ya ga jar wutar da idonsa. In ta kawo, ya ce, "An gama." In ya ce an gama kuwa, ba ya waiwaye.

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar bene yake, a bakin titi, ɗan ƙuƙut, in ya miƙe sai ya sunkuyar da kai. Fankoki matattu a rataye, tsofaffin makunnai a cikin gwangwanayen madara, rediyo a kan kanta tana ta surutu ba mai sauraro. A nan ya ci, a nan ya ciyar. Ya auri mace mai sanyi wadda har ta yi furfura Amarya nake ce mata, don ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba. 'Ya'yansu suka girma suka watse, Auta ce ta ƙarshe, ita ma aure ya kai ta wani gari mai nisa.

Da mijina ya rasu, Testa bai iya ta'aziyya ba. Bakinsa ba na wannan ba ne. Sai ya riƙa zuwa duk mako wai zai duba wayoyin gidana. Wayoyin da shi ya ja su da hannunsa. Ya taɓa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya zauna ya sha shayi, ya ce, "Matar Yaya, yanzu fa gadonki na ci, ki fara yi min ladabi." In ce, "Kai? Ko a kan lefe aka ɗora min kai, sai na ce a canza min da bokiti." Ya yi dariya ya tafi. Haka muka tsufa.

Ciwon a ɗakina ya fara nuna kansa. Yana kan tsani yana canza min fanka, sai na ji shiru. Ya sauko a hankali, ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba, ya jingina da bango. Gumi ya jiƙa masa wuya.

"Lafiya?"

"Kamar an saki tsuntsu a ƙirjina."

Na kama wuyan hannunsa. Ban yi boko ba, amma na yi jinyar uwa da miji, na san yadda jijiya ke tafiya. Tasa ba tafiya take ba. Kamar farkon ruwan sama a kan kwano: ɗaya nan, uku can, shiru, sai kuma a zubo. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce yakan zo ya tafi, ya kwana biyu yana yi, bai ga abin faɗa ba.

Ni na raka shi asibiti. Amarya in ta ga farar riga kuka take farawa, duk abin da aka faɗa ba ta ji, a dawo gida a tambaye ta ta ce likita dai ya ce Allah ya sawwaƙe. Saboda haka ta ba ni shi, na tafi a matsayin kunne.

Likitar zuciyar mace ce, 'yar ƙarama, mai saurin hannu. Aka kwantar da shi aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa. Maimakon ya ji tsoro, sai ya ɗaga kai yana bin wayoyin da ido har inda suka shiga na'ura. Takarda ta fito da zane kamar tafiyar tururuwa. Likita ta duba, ta tambaye shi sana'arsa.

"Wuta nake gyarawa."

Ta yi dariya. "To Baba, da kai magana ta zo da sauƙi. Matsalar wuta ce da kai."

Wallahi sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Ta jawo takarda ta zana. Ta ce zuciya gida ce mai ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke ƙyasta wuta da kansa, a kan lokaci, tun mutum yana ciki. Wutar ta bazu a bangon ɗakunan sama, su matse, su tura jini ƙasa. Daga nan ta isa wata 'yar ƙofa a tsakiya, ƙofar ta riƙe ta kaɗan, sannan ta sake ta zuwa ɗakunan ƙasa, su ma su matse, jini ya fita zuwa jiki. Wannan shi ne bugu ɗaya.

Ya ce, "Makunni ɗaya, layi ɗaya."

"Haka ya kamata. Amma kai yanzu akwai masu ƙyasta wuta ba da izini ba. Yawanci daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu suke, a ɗakin sama na hagu."

"Masu jonin sata."

"Kira su yadda ka so. Da bangon ɗakin lafiyarsa ƙalau, da tartsatsin zai mutu a hanya. Amma shekaru da hawan jini sun buɗa ɗakin, bangon ya yi tabo nan da can. Wuta ta zo ta tarar da tabo, ta kewaye, ta dawo inda ta baro, ta tarar wurin ya shirya karɓarta, ta sake kunna shi. Sai ta yi ta zagaye tana bin wutsiyarta. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ɗaki ya cika da su. Na gaskiyar yana ƙyastawa, ba mai jin sa."

"To ƙasa fa? Ai duk za su ƙone."

"'Yar ƙofar nan ce ke ceton ka. Ɗaruruwa ke buga mata a minti, ba ta barin duka su wuce. Wanda ya dace ya wuce, wanda bai dace ba ya tsaya. Shi ya sa bugun ke zuwa ba tsari. Kuma in aka bar shi ya daɗe, bangon sabawa yake, gyaran ya ƙara wuya."

Testa ya karɓi takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, yana bin zanen da ɗan yatsa. Daga nan kunnensa ya rufe. Na sani, don na ga idonsa. Ita kuwa likita ba ta gama ba, kuma abin da ya rage shi ne ya tsaya min a rai.

Ta ce ɗakunan sama in suna wannan hali ba matsewa suke ba, karkarwa kawai suke. Jini ba ya fita duka. Akwai wani ɗan lungu kamar aljihu a ɗakin hagu, a nan yake kwanciya, in ya kwanta kuwa ya daskare. Ranar da gudan ya ɓalle, hanyar ƙwaƙwalwa yake bi. "Bugun nan ba shi nake tsoro ba, Baba. Gudan nake tsoro. Yana iya ɗauke maka hannu, ko ƙafa, ko magana, cikin ƙiftawar ido. Saboda haka magani biyu ne. Ɗaya na bugu, ɗaya na hana jini daskarewa. Na biyun ba a barin sa, ko ka ji ka warke. Mama, kin ji?"

Na ce, "Ni na ji. Shi ki tambaya."

"Na ji mana," in ji shi, idonsa a kan takarda.

Da farko ya sha duka biyun. Da ya ɗan jima yana shan maganin, suka kira shi, suka sa shi barci na ɗan lokaci, suka buga masa wuta a ƙirji. Ya farka bugunsa ya dawo ɗai-ɗai kamar agogo. Wannan abu ya yi masa daɗi fiye da ranar aurensa. Duk wanda ya tsaya a bakin shago sai ya ji labari.

"Ka san me suka yi? Kashewa suka yi suka kunna! Abin da nake yi kullum. Duk masu jonin sata suka ɗauke lokaci guda, na gaskiyar ya riga kowa dawowa. Shi ke nan."

Mai shayi ya ji, mai faci ya ji, mai kai wasiƙu ya ji har sau nawa. Ya manna zanen likita a bangon shago kusa da rediyo. Ya koma hawa tsani. Kowace safiya kafin ya sa hula sai ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya rufe ido, ya saurara. In ya ji daidai ya ce, "Layi lafiya," ya fita.

A wanki na gane. Na daina yi wa mutane tun da gwiwa ta ƙi, amma na gidan Testa ina karɓa, don Amarya ba ta iya fitar da baƙin mai daga riga. Mai aikin wuta kullum hannunsa a yanke yake, waya ta soke shi, wuƙa ta zame. Tun da ya fara maganin jinin nan, ɗan yanka kaɗan sai ya yi ta zuba. Tsummansa, bakin aljihunsa, hannun rigarsa, duk ɗigon jini, na sha jiƙa su a ruwan sanyi ina mita. Sai wani mako kaya suka zo ba ɗigo ko ɗaya. Mako na gaba ma haka. Mai yana nan, ƙura tana nan, jini babu.

Na sa mayafi na tafi shagon. Na tarar yana feɗe waya, ga sabon yanka a babban yatsa, a bushe ƙaf.

"Testa, ina maganin jini?"

"Sannu da zuwa, Matar Yaya. Ba gaisuwa?"

"Na gaishe ka. Ina maganin?"

Ya ajiye wuƙar. Bai iya ƙarya ba, wannan kam na ba shi. "Yana gida. Na bugun ina sha, ban taɓa fashi ba."

"Ɗayan fa?"

"Ke ma fa kina wurin. Da bakinta ta ce matsalar wuta ce. An gyara wutar, na gwada, ta kawo. To me ya haɗa ni da maganin 'yan famfo?"

"Maganin wa?"

"Jini ai ruwa ne, jijiya bututu ce. Wannan layin wasu ne. Da can da wutar ta lalace, ta shafi ruwan, na yarda. Yanzu wuta ta daidaita, ruwa zai bi hanyarsa. Ga shi kuma yana ɓata min aiki, in taɓa farin bangon mutane in bar musu jini."

Na jawo gwangwani na zauna, don na ga abin ba na tsaye ba ne. Na ce masa ni dama sitaci na sani. In kana damawa da hannu mai ƙarfi, yana tafiya sumul. In hannu ya fara rawa, ko na ɗan lokaci ne, gudaji sun shiga, kuma ko ka dawo ka dama da kyau, gudan da ya riga ya yi ba ya komawa ruwa. Yana nan yana jiran farar riga.

"Hannuna ba ya rawa. Kullum ina gwadawa."

"Da safe. Da rana fa? In kana barci fa? Yarinyar nan ta ce yana dawowa mutum bai sani ba."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka gaya wa abin da ya fi kowa sani. "Matar Yaya, ni fa in na shiga gida, tun daga ƙofa nake jin inda waya ke zafi. Wutar gidan wani ma ina ji, balle ta cikin ƙirjina?"

Duk abin da bakina ya iya na yi. Na zage shi, na lallashe shi, na kira masa sunan yayansa. Na gaya wa Amarya, ta yi kuka. Na sa aka kira min Auta a waya, ta yi masa faɗa irin na 'yar da ta san ana ji da ita, "Baba, don Allah, don ni." Ya ce to. Ya sha a gaban Amarya na wani lokaci, ɗigon jini ya dawo a tsumma, na yi hamdala. Sai ya sami aikin wani sabon gini, fararen bangaye tun daga ƙasa har sama, ɗigon ya sake ɓacewa. Ranar komawarsa asibiti ta zo ta wuce yana kan tsani. Suka kira shi daga can, ya ce musu lafiyarsa ƙalau, ya gode. Na sake zuwa, ya miƙo min wuyan hannu ya ce in ji da kaina. Na ji. Daidai yake tafiya, ba zan yi masa ƙarya ba. Me zan ce? Mutum ne da furfurarsa, ba a ɗure masa magani kamar akuya.

Da hantsi abin ya same shi, a shago. Mai shayi ne ya gani. Ya ce Testa na riƙe da testa yana gwada wata fanka, sai ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya tafi ya wuce ta. Ya sake, ya sake wucewa. Ya juyo zai yi magana, baki ya karkace, abin da ya fito ba magana ba ce. Mutanen layi suka yi ƙoƙari, ba su tsaya shafa masa ruwa ba, mota suka tare.

Likitar ba ta yi masa gori ba. Ni ce na so in yi, na ga yadda yake kwance, na haɗiye. Da ya fara gane mutane, ta juyo masa da fuskar na'urar da ke gefen gado ta nuna masa. Zanen ya koma tafiyar tururuwa.

Ta ce, "Yanzu haka yana yi, Baba. Kana ji?"

Ya ɗora hannun hagu a ƙirji. Ya daɗe. Ya girgiza kai.

Maganarsa ta dawo a hankali, kalma-kalma, kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu. Abin da ya fara haɗawa ya gaya min shi ne, "Ban ji ta ba." Washegari ma haka. Ba hannun yake wa kuka ba a lokacin, don bai san hannun ba zai dawo ba. Abin da ya kwantar da shi, gwajinsa ne ya yi masa ƙarya. Mutumin da duk rayuwarsa in ya ce an gama an gama.

Ƙafa ta dawo, yana ɗan ja amma yana tafiya. Baki ya miƙe, sai in ya gaji. Hannun dama ne ya ƙi. An yi ta gashi, an yi ta motsa shi, an ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Yatsun suka lanƙwashe ciki suka zauna. Maganin jini kuwa tun daga nan ba wanda ya sake tuna masa. Da kansa yake ɓallowa da haƙori da hannun hagu, ya sha, ya kife kofin. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Gaskiyar da ta zo a wannan farashi ba ta da daɗin karɓa.

Ya gwada komawa shago. Hagu ba ta feɗe waya, ba ta riƙe sukudireba a kan tsani. Mutane suka riƙa kawo masa fanka don kunya, ya duba da ido ya faɗi abin da ya lalace, su kai wani wuri a gyara. Bai jima ba ya gane, ya ce su daina wahala. Wani mai gyaran wayar salula ya karɓi shagon, ya yi masa fenti shuɗi. Testa ya koma zaman ƙofar gida. A nan ya koyi sa hannun a aljihu. In baƙo ya zo, kafin a yi sallama hannun ya shige. In za a gaisa ya miƙa hagu da sauri yana ba da haƙuri. Ko zafi ake kamar me, riga mai aljihu zai sa. Har ni yake ɓoye wa, ni da na san hannun tun yana satar min sukari a gwangwani.

Yana zuwa gidana duk da haka, ba jaka, yana jan ƙafa. Ya zauna ya dubi silin. Wani lokaci ya ce, "Fankar nan tana ƙara." In ce, "Da ni da ita duk muna ƙara, ka bar mu." Ya sha shayi da hagu, ya zubar da rabi, in yi kamar ban gani ba.

Daga baya Auta ta zo ta ce ta gaji da kwana da waya a hannu. Gidanta a ƙasa yake ba matakala, asibiti kusa, za ta tafi da su duka biyun. Amarya ta amince tun kafin a gama tambaya. Shi ya yi shiru, shirunsa kuwa aka ɗauka a matsayin to. Ya yi 'yan shekaru a can, an ce har ƙiba ya yi, jikoki suna hawa kansa. A can ya rasu, ciwon huhu ne ya ɗauke shi, ba zuciyar ba. A waya na ji. Gwiwata ba ta kai ni ba, kuma shi ba mai son magana a waya ba ne tun da bakinsa ya taɓu, saboda haka rabona da shi ranar tafiyar ce.

Da safe ne. Mota ta tsaya a bakin layi, an ɗaure katifa a sama, Auta na ta kai da kawo da jakunkuna. Mutanen layi suka fito, mai shayi, mai faci, matan da suka san shi tun yana saurayi, kowa yana so ya yi masa sallama. Yana tsaye a jikin motar cikin rigar da na goge masa, yana miƙa hagu, yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Mai faci ya ce, "Duk gidan da ke layin nan wutarka ce a ciki, Testa." Ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi, ya ƙara tura hannun cikin aljihu.

Ni ce ta ƙarshe. Na zo da sandata na tsaya a gabansa.

Ya ce, "Matar Yaya, zan tafi in bar ki ba miji."

"Na huta."

Ya yi dariya, gefe ɗaya na bakin ya ɗan makara. Ya miƙo hagu. Ban karɓa ba. Auta ta buɗe masa ƙofa tana cewa rana na yi, Amarya tuni ta shige tana share ido. Na matsa kusa yadda ba kowa zai ji ba, amma kun san muryata, duk layin ya ji.

Na ce, "Ka fito da hannun nan ya sha iska. Ba sata ya yi ba, aiki ya yi."